Rahoton Ayyukan Shekara: Allunan Tarihi a Hanyar Hijirar Sarkin Musulmi Attahiru

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya da 'yan uwa membobi.

A taron bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa aiki guda: a kafa alluna a wuraren da ke da alaƙa da Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya, Allah ya ji ƙansa. Ga inda aka kwana.

Mun fara da allon Giginya a Sakkwato, inda Sarki ya tari rundunar Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, bai ko cika wata shida a kan gadon sarauta ba. Abin da ya fi cin lokaci shi ne kalma ɗaya. A rubutun farko an sa cewa bayan yaƙin Sarki ya gudu zuwa gabas. Wani dattijo daga cikin iyayenmu ya ajiye takardar a kan tabarma, ya cire tabarau, ya ce shi ba zai sa hannu ba, domin wanda ya gudu ba ya tafiya da malamai da mata da yara da jakuna ɗauke da littattafai, garuruwa suna tashi suna bin bayansa. Zama uku aka yi a kan wannan. A ƙarshe aka rubuta "hijira", wadda ita ce kalmar da mutanen da suka bi shi suka kira tafiyar da ita, kuma ni ma nan ra'ayina ya tsaya. Yaron makaranta da zai tsaya gaban allon nan, abin da ya karanta shi zai tafi da shi gida.

An yi rubutun da boko da ajami. Mun bar shawarar allon ƙarfe saboda 'yan jari-bola, muka zaɓi dutse da za a dasa cikin siminti. Kuskure ɗaya ya same mu: mai sassaƙa ya rubuta Attahiru na Biyu, wato wanda Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka, ya naɗa a Sakkwato 'yan kwanaki bayan yaƙin. Laifin har da namu, don ba mu je mun duba kafin ya sa kurfi ba. An sake sabo, kuɗin kuma ya fita daga asusu.

Bayan damina wakilanmu sun je Burmi, kusa da Bajoga a Jihar Gombe, inda aka kori Turawa a karon farko cikin watan Mayu, suka dawo ranar 27 ga Yuli, 1903, Sarki ya yi shahada tare da ɗaruruwan jama'arsa. Wurin shiru, sai gonaki da iska. Kabarin Manjo Marsh, Baturen da ya mutu a ranar, yana nan shi ma. Mun yi addu'a, mun gaisa da dattawan gari, mun kai musu rubutun allon su duba. Allon Burmi ya kammala, muna jiran izinin hukuma kafin a dasa.

Zangunan da ke ƙasar Zamfara ba mu taɓa su ba saboda halin tsaro. Ba za mu tura kowa daji don allo ba. Haka maganar Mai Wurno a Sudan, garin da ɗan Sarki, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa a bakin kogin Nilu da ragowar masu hijira. Yaƙin da ya ɓarke can a Afrilun 2023 ya sa mun jingine ta. Allah ya kawo wa 'yan uwanmu sauƙi.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi dalla-dalla a zauren taro. Waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba, don Allah su cika, domin magini da motar kai dutse Burmi suna jiranmu. Duk kuma wanda a gidansu aka gaji labarin wani zangon da ayarin ya sauka, ko wata takardar ajami, ya same ni bayan taro in rubuta.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya