Sitika mota take ganewa, ba direba ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka da Yanbu, musamman direbobin kamfanoni da masu aikin wayarin da waɗanda aka ɗora wa kula da ƙofar sito ko rukunin gidaje. Maganar kan na'urar nan ce da ke gane mota tun daga nesa ta ɗaga sanda, direba bai ko sauke gilashi ba. A zafin Hijaz wannan rahama ce, babu musu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake kafa ta a wurare da yawa a ce an gama tsaro, alhali duk wanda makullin motar ya shiga hannunsa, ƙofa za ta buɗe masa kamar mai gida.

Yadda abin yake: ana liƙa wata siririyar sitika a cikin gilashin gaba, mai ɗauke da ƙwayar lantarki da eriya, ita ake kira RFID. Ba ta da batir. Na'urar karantawa da ke kan turke a bakin ƙofa ce ke watso mata igiyar rediyo, ta farka ta mayar da lambarta, daga mita 6 zuwa 10 idan an kafa da kyau. Wannan nisa ba ƙawa ba ne. Motar da ke tafiyar kilomita 10 a awa tana cin kusan mita 3 a daƙiƙa ɗaya, sanda kuwa takan ɗauki daƙiƙa 3 kafin ta gama tashi, ka ga ana buƙatar mita 8 ko 9 in ana so direba ya wuce bai taka birki ba.

Kuskuren farko tun a wajen saye ake yin sa. A zangon igiyar rediyo, Saudiyya tana bin na Turai, wato wajen megahaz 865 zuwa 868, Amurka kuwa 902 zuwa 928. Wanda ya yi odar na'urar Amurka ta intanet saboda araha ya sayo wa kansa rigima, domin wani ɓangare na zangonta ya hau kan na wayar salula, kuma hukumar sadarwa ta ƙasar nan ba ta yarda da shi ba. Haka injin ɗaga sanda: wutar nan zagaye 60 take yi a daƙiƙa, ba 50 irin ta Najeriya da Sudan ba. A duba farantin da ke jikin injin kafin a biya.

Na biyu shi ne gilashi. Kowa a nan yana neman abin da zai tare masa rana, to ledar duhun da ake liƙawa, wadda Larabawa ke ce wa tazlil, wata tana da ƙurar ƙarfe a ciki, wasu motocin ma daga masana'anta gilashinsu ya zo da rufin ƙarfe. Ƙarfe kuwa yana toshe igiyar rediyo. Sai ka ga mota ta manne da sanda, direba yana gaba yana baya, na bayansa suna ta ham, a ce na'ura ta lalace, alhali lafiyarta lau. A irin wannan gilashi akan bar wani fili mai ɗige-ɗigen baƙi a bayan madubin tsakiya, nan ake liƙawa. In babu, a nemi sitikar da ake mannawa a fitilar gaba. A goge wurin da sifirit, a nisanta ta da bakin ƙarfen mota kamar santimita 5, kuma duk motocin a liƙa musu ta fuska ɗaya, a kwance, yadda eriya take so. Tirela da bas gilashinsu yana sama, gara a ba su tasu eriya.

Nisan kansa yana da illa. Na'ura mai ƙarfi takan karanta motar da ke fita ta ɗaya layin, ko wadda aka ajiye a inuwa kusa da ƙofa, sai sanda ta tashi babu kowa a gabanta, baƙo ya shige abinsa. Maganin shi ne a rage mata ƙarfi, a karkata eriya ta kalli layinta kaɗai, sannan a binne zoben waya mai jin ƙarfen mota a kwalta. Ana yanka fili mai kusurwa huɗu kamar mita 2 da mita 1, zurfin santimita 4 ko 5, a zagaya waya sau 3 ko 4, a murɗe jelar wayar da ke tafiya akwatin sarrafawa sosai, a cike yankan da abin toshewa. Zobe ɗaya kafin sanda, don kada a yi karatu sai ƙarfen mota yana kansa. Wani a ƙarƙashin sanda, don kada ta sauko kan rufin mota, kuma ta rufe da zarar motar ta wuce, mai bin baya bai samu kafa ba.

Yanzu ga gundarin maganar. Ƙofar da ke kare ma'ajiyar mai ko magani ko gidajen iyali tana buƙatar amsar tambaya biyu: wace mota ce, kuma wa ke tuƙa ta. Hanya mafi tsafta ita ce wani ɗan akwati mai batir da ake mannawa a gilashi, irin wanda kamfanin Nedap na ƙasar Holan ke yi, mai aiki a gigahaz 2.45. Direba yana zura katin aikinsa a ciki, akwatin ya aika lambar mota da ta direba tare, kwamfuta ta duba ko an yarda wannan mutum ya shiga da wannan mota a wannan lokaci. In ya sauka ya zare katinsa, motar ta zama kamar kowace mota a titi. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, ya bar sitika ta gane mota, ya kafa ƙaramin turke daidai tagar direba inda zai nuna kati ya danna lambar sirri. Jinkirin daƙiƙa 5 ne, ya fi kukan da-na-sani.

Kyamarar karanta lambar mota, irin aikin da Sahir, kyamarorin kama masu karya dokar tuƙi, ke yi a tituna, shaida ce ta uku mai kyau, amma kada a bar mata ƙofa ita kaɗai, tunda ana iya buga lambar jabu. Lambar Saudiyya haruffa 3 ce da alƙaluma har 4, da Larabci da boko, don haka a tabbatar an horar da manhajar a kanta. Kada karkatar kyamara ta wuce digiri 30, kada ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye, kuma a riƙa share mata ido bayan kowace guguwar ƙura.

Sitikar ma a zaɓe ta. Lambar da ake rubuta wa ta araha ana iya kwafe ta da ƙaramar na'urar hannu. A sayi mai lambar masana'anta da ba ta canzuwa, ko mai makullin sirri, kuma wadda ke yagewa in an ɓamɓare ta. Wayar da ke tsakanin na'urar karantawa da akwatin sarrafawa ita ma kafa ce: tsohon tsarin Wiegand a fili yake tura lamba, ba ya wuce mita 150, sabon tsarin OSDP kuwa yana ɓoye saƙon kuma yana kai mita 1,200. Akwatin sarrafawa ya zauna a ciki, bayan katanga, cikin inuwa. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 51, akwatin ƙarfe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. A Jidda sai a ƙara da gishirin iskar teku, mai cin kusoshi da bakin waya. Kuma kowa ya sani sanda ba ta tsayar da motar da ta zo da niyya, wannan aikin turakun ƙarfe ne da aka gwada da babbar mota.

Masu kamfani su tuna cewa dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumban 2023, kuma rajistar wa ya shiga da wa ya fita tana ƙarƙashinta. Ku kuma 'yan'uwa direbobi, don Allah ranar da aka sauya gilashi, ko aka sayar da mota, ko kati ya ɓace, ko wani ya bar aiki, a kai rahoto ofishin tsaro a ranar, a tsaya a ga an goge lambar daga kwamfuta. In aka shiga da katinka aka yi ɓarna, sunanka da lambar iƙamarka ne za su fito a rajista.

Wassalam.

Mai aikin haɗa na'urorin ƙofa,
Jidda, Saudiyya