A gwada ƙasar fadamunmu tun kafin maganar mai ta kankama

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan an tashi lafiya.

Tun da Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2022, duk sanda aka ce ana laluben mai a yankin Sakkwato sai ka ga mutanenmu na ta murna a Facebook. Nima ina so wallahi, amma gabana faɗuwa yake in na tuna manoman Neja Delta. Tun 1956 aka samu mai a Oloibiri, kuma duk gonar da mai ya malala ciki to ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam sun samu wurin zama, saiwa ta tsotse su tare da ruwa su hau har cikin ganye, ka wanke da gishiri ka tafasa suna nan daram, don ba ƙwayar cuta bace balle wuta ta kashe ta. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yara, kadmiyam kuma ƙoda yake ci a hankali. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni da ke Neja Delta cewa yayi gyaran ɓarnar da mai yayi zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Mu kam ba sai an ba mu labarin dalma ba, nan maƙwabta a Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu wajen Anka da Bukkuyum saboda niƙa dutsen zinari cikin gidaje.

Abin da yasa na ɗauki waya na rubuto ma, ba sai an haƙo mai ba, muna da namu. Bayan gidanmu akwai gareji, baƙin mai da ruwan tsohon batir duk cikin kwata ake tuttulewa, kwatar nan kuwa gangarawa take gefen wani lambun alayyafo da salak. Ran nan na tsaya, saman ruwan na sheƙi kala kala, dattijon mai lambu na kamfata da bokiti yana ban ruwa. Nace Baba ruwan ga ba shi da kyau fa, yace "to ɗana ina zan samu wani?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi, kuma alayyafon nan mu ke sayensa.

Don Allah Malam Edita ku isar da roƙona ga malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga ƙauyen Kwalkwalawa nan bakin hanyarsu, su ɗebi ƙasa da ganye daga fadamun Gulbin Sakkwato su gwada, a faɗa mana sakamako da Hausa a rediyo yadda Baba mai lambu zai ji da kunnensa.

Naka,
Mai karatu daga Sakkwato