Namu Namu Ne, Ko Da Ya Zubar Da Jini?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda kishin ɓangare yake rufe mana ido. Da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo cikin watan Maris na 2025, mun yi Allah wadai, kuma da gaskiyarmu. Amma sa'ad da aka kashe ɗaliba Kirista Deborah Samuel a Sakkwato a 2022 bisa zargin ɓatanci, da yawanmu mun yi gum, wasu ma suka shiga nema wa makasan hujja, don kawai namu ne. Liman Abubakar Abdullahi kuwa, a yankin Barikin Ladi a 2018, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya kuma ƙi miƙa su ga maharan duk da barazanar da suka yi masa.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano