Kafin a Sayar da Gidan Rediyo, a Fara Biyan Ma'aikatansa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka in kai kuka kan wani abu da ya shigo har cikin gidanmu.

Ƙanena ya yi shekara tara yana haɗa sauti a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Jos. Wata ranar Litinin aka tara su aka ce gidan ya koma hannun wani. A lokacin suna bin albashin wata biyar. Sabon mai gida ya ce bashin na wanda ya sayar ne, wanda ya sayar kuma ya ce shi ya miƙa komai ya wanke hannunsa. Kafin wata biyu an sallami fiye da rabinsu, ba garatuti, ba ko takardar godiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, mai gida ya ƙara kashi 10. Ana ta cire masa, amma da ya je dubawa sai ya tarar an daɗe ba a zuba ko kwabo ba.

Ba na ƙin a sayar. Tun da dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, har tashar Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, rediyo ya zama kasuwanci. Kowa ya san abin da dizal ke ci, ga kuɗin sabunta lasisi duk shekara biyar. A watan Agustan 2022 ma NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, kafin daga baya ta dakatar da matakin. Wanda nauyi ya yi wa yawa dole ya nemi mai ɗauka.

Sai dai gidan rediyo ba shagon atamfa ba ne, musamman a Jos. Duk wanda ya ga rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, ya san yadda mutum ke manna rediyo a kunne lokacin dokar hana fita. A irin wannan dare jita-jita ta fi wuta gudu. Wanda zai kwantar da ita shi ne mai gabatarwar da ya san Gangare, ya san Nassarawa Gwom, ya san Bukuru, ya san limamin da zai kira da faston da zai kira, kuma Bahaushe da Berom da Afizere duk sun saba da muryarsa. Shekaru ake yi kafin a samu irin wannan yarda. Irin waɗannan masu gabatarwa ne kuma aka fara sallama a gidan su ƙanena, domin albashinsu ya fi tsoka. Yanzu yawancin shirye-shiryen gidan daga wani gari ake jono su. Filin da ke kawo farashin tumatur da kabeji daga kasuwar Farin Gada ya tafi, cigiya da sanarwar rasuwa an matse su cikin 'yan mintuna. Mahaifiyarmu har yau tana murɗa akwatinta da ƙarfe bakwai na safe tana neman shirin da babu shi.

Kasuwar talla ma ta sauya. Mai tashoshi da yawa yana haɗa su ya sayar wa manyan kamfanoni a dunƙule, sai tela da mai makarantar kuɗi da mai shagon Terminus su ga farashi ya fi ƙarfinsu. Filin da ya rage 'yan siyasa ke saye su zuba sojojin baka. Amurka ta riga mu ganin wannan: bayan dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, kamfanin Clear Channel ya tashi daga tashoshi kusan 40 zuwa sama da 1,200.

Roƙona ga NBC shi ne, tunda lasisi a hannunta yake, kada ta amince da sauyin mai gida sai an nuna shaidar biyan albashi da fansho, kuma mai saye ya sa hannu kan yawan sa'o'in da zai ware wa shirye-shiryen gari da harsunansa. Ƙungiyar ma'aikatan rediyo da talabijin (RATTAWU) da ta 'yan jarida (NUJ) kuma su shiga gidajen masu zaman kansu da gaske, kada su tsaya a gidajen gwamnati irin su PRTVC da Highland FM. Da yawa daga cikin yaran nan ko takardar ɗaukar aiki ba su da ita.

Ƙanena yanzu lasifika yake haɗawa a wuraren biki, da 'ya'ya uku a gabansa. Shi da abokan aikinsa sun fara haɗa kuɗin lauya domin zuwa kotun ma'aikata da ke nan Jos.

Na gode.

Mai sauraro daga Unguwar Rogo, Jos