Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Jami'armu: A Cire Kwaɗon Nan Daga Zauren Muhawara

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗalibinka ne a Tsangayar Shari'a, na rubuto ne a kan sakular da ofishin magatakarda ya liƙa a farkon zangon nan, wadda ta ce duk wata muhawara, lacca ko tattaunawa da ɗalibai za su shirya a kan doka, manufofin gwamnati ko al'amuran jama'a, sai ofishin tsaro ya sa mata hannu tukuna. A fili na rubuto, domin wasiƙun da ƙungiyarmu ta aiko ta hannun shugaban harkokin ɗalibai, ko shaidar sun iso ba mu gani ba.

Ka san abin da takardar ta ƙunsa, tunda da yawunka aka fitar da ita. Yadda ake aiki da ita a ƙasa nake so ka ji. Fom ɗin da ake ba mu yana neman maudu'i, da sunan kowane mai magana, da lambar rajistarsa. Wannan duk mun haƙura. Amma a ƙasan shafin an ce a haɗo da cikakken jawabin kowa, har da martanin da kowane ɓangare zai mayar. Ranka ya daɗe, ta yaya mutum zai rubuta martanin hujjar da bai ji ba tukuna? Sai dai in jami'a ta buɗe sashen koyar da duba ne ba a sanar da mu ba.

Duk da haka muka cike. Muhawarar a kan hukuncin kisa ce, ko ya kamata ƙasashe su ci gaba da shi ko su soke shi, batun da yake cikin manhajarmu, wanda kuma za a tambaye mu a jarrabawa. Mun gayyato wata mai shari'a da ta yi ritaya ta zama alƙaliyar zama. Ranar ta zo, muka tarar da kwaɗo a ƙofar zauren. Mai gadin, dattijo ne da ya san fuskokinmu, ya kasa haɗa ido da mu, cewa kawai yake yi umarni ne daga sama. Baƙuwarmu ta tsaya a baranda da fayil ɗinta a hammata, ta tambayi wanda ya ba da umarnin da kuma dalilinsa. Babu mai amsa. Ta ce ko a rubuce ne a nuna mata. Babu. Ta yi mana sallama ta tafi, mu kuma muka raka ta mota kunya kamar ta kashe mu. Har yau ba mu san wane ne saman nan ba, balle mu san inda za mu ɗaukaka ƙara.

Abin takaicin shi ne, abin da malamanka suke koya mana a aji shi ne yake ƙaryata sakularka. Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan 'yancin jama'a da na siyasa bai ce faɗin albarkacin baki ba shi da iyaka ba. Ya yarda a taƙaita shi, amma da sharaɗi: doka ce za ta tanadi taƙaitawar, kuma sai ta zama dole domin kare haƙƙi da mutuncin wasu, ko tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a da tarbiyyarsu. A 2011 kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya ƙara bayani a sharhinsa na 34, cewa dole ƙa'idar ta fito sarari yadda mutum zai san abin da aka hana shi, kuma kada ta bar wa mai zartar da ita wuƙa da nama. To, nuna mini layi ɗaya a sakular nan da ya faɗi irin maudu'in da za a ƙi. Babu shi. Jami'in da ke kan tebur ranar shi ne doka, shi ne alƙali. In ɗalibin aji biyu ya rubuta irin wannan ƙa'idar a jarrabawar tsara dokoki, malaminsa ba zai bari ya haye ba.

Na san abin da za a ce: tsaro. Ba kuma zan raina shi ba. Jami'o'i sun ga tarzoma, an rasa rayuka, an rufe makarantu wata da watanni, kuma in abu ya ɓaci kai za a fara kira, ba ni ba. Amma ai an riga an bambance tsakanin zance mai ɗaci da zance mai tunzurawa. Tsarin da masana suka amince da shi a Rabat ta ƙasar Maroko a 2012, ƙarƙashin ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ba da ma'auni shida: yanayin da aka yi maganar, matsayin mai yin ta, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, nisan da ta kai, da yiwuwar ta jawo ɓarna. A ɗora muhawararmu a kan wannan ma'auni. Ɗalibai ne a zaure da rana tsaka, kowa da mintocinsa, ga alƙaliya, ga malamai a layin gaba, kuma ƙuri'a ce ta raba wa kowa ɓangaren da zai kare, ba ra'ayinsa ba. Ina tunzurin yake?

Kai masanin tarihi ne fiye da ni, ka san abin da ya faru a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. A watan Satumbar 1964 hukumar makarantar ta hana ɗalibai kafa teburan siyasa a bakin ƙofa, don gudun fitina. Kafin wata ya zagayo ɗalibai sun kewaye motar 'yan sanda sama da awa 30, a watan Disamba aka kama kusan mutum 800 a ginin mulki, daga ƙarshe majalisar malamai ta goyi bayan ɗaliban da ƙuri'a 824 a kan 115. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ita kuwa Jami'ar Shikago ta Amurka, da ta fitar da matsayarta a kan 'yancin faɗin albarkacin baki a 2015, sai ta riƙe wa kanta ikon tsara lokaci da wuri da yadda za a yi taro, ta kuma ce ba aikinta ba ne ta kare ɗalibi daga jin ra'ayin da ba ya so.

Kuma kada a gaya maka cewa an daina gardamar. Komawa ta yi gurof-gurof na WhatsApp da ɗakunan kwana bayan tsakar dare, inda babu mai riƙe agogo, babu mai cewa kawo hujjarka, babu malamin da zai ce wannan hukuncin kotun ba haka ya ce ba. A zaure, in ka zagi abokin karawarka maki ka rasa. A waya kuwa, zagin ne yake jawo tafi. Na ga yadda batun nan na hukuncin kisa ya rikiɗe a gurof ɗin ajinmu ya koma gorin addini da na ƙabila, har wasu da suke karatu tare tun shekarar farko suka daina gaisawa. Wannan ofishin tsaro bai gan shi ba, domin ba a cike masa fom.

Masu cewa muhawara baƙon abu ce da aka aro daga Turawa su ma su sake bincike. Malaman Musulunci sun ware fanni sukutum, adabul bahsi wal munazara, a kan yadda ake kafa da'awa, yadda ake neman dalili, da lokacin da ya wajaba mutum ya sallama. Koyon saɓani cikin ladabi karatu ne, kuma ba a iya shi sai an yi shi. Gobe mu ne za mu tsaya gaban alƙali, wasunmu su tsara dokoki, wasu su zauna a kwamitin da zai yanke shawarar wanda za a fara ba gadon asibiti. Ina ake so mu gwada bakinmu kafin ranar?

Ranka ya daɗe, ranar da ka kama aiki ka tara mu a wannan zauren da aka garƙame. Ka ce ƙofarka a buɗe take, ka ce kai ma a muhawarar ɗalibai ka koyi magana, har ka ba mu labarin kofin da ka ciyo. Mun tafa maka har tafukanmu suka yi ja. Don girman Allah, kada ka bari a ce a zamaninka aka rufe wurin da ya raine ka.

Akwai sauran ƙorafe-ƙorafe. Zaɓen ƙungiyar ɗalibai da ake ta ɗagawa, mujallun shari'a da laburare ya daina karɓa, kotun gwaji da rufinta ke yoyo. Waɗannan sa jira wata wasiƙar.

Abin da nake roƙo yanzu bai da yawa. A janye sakular. A mayar da izinin taron ilimi hannun shugabannin tsangayoyi, ofishin tsaro kuma a sanar da shi rana da wuri don ya tanadi masu gadi, wanda shi ne aikinsa. In za a hana wani taro, a rubuta dalili, a sa hannu da suna, a faɗi inda za a kai kuka. Majalisar jami'a za ta zauna kafin jarrabawa, muna roƙon a sa batun a ajanda, a kuma bar wakilan ɗalibai su shiga su yi bayani da bakinsu. Mun sake miƙa fom na muhawarar, yana teburin ofishin tsaro.

Na gode, Allah ya taya ka riƙo.

Ɗalibinka,
daga Tsangayar Shari'a