Anti, zaman adashi yana neman ya gagare ni

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Ni 'yar Garwa ce, aure ya kawo ni Marwa shekara biyu ke nan, muna zaune a Domayo. Dan Allah ki duba min wannan lamarin.

Yayar maigidana ce ta sa ni a tontin ɗinsu, wato adashi, mu bakwai ne, duk ran Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa kowa ta zuba sefa 2000. Kuɗin ba matsala, zaman ne yake ba ni wahala wallahi. A gidanmu an koya mana in babba na magana ki sunkuyar da kai, ki yi ƙasa da murya, to haka nake yi, in samu bakin tabarma kusa da ƙofa in zauna in ja mayafi, hannuna kan waya don ban san inda zan ajiye shi ba. Fulatancin ma ina ji, nawa dai bai kai nasu gudu ba, kafin in haɗa magana an wuce wajen.

Watan jiya ana maganar tarar masu latti na ce a rage ta koma 250, ko wadda ke gefena ba ta juyo ba. Can wata ta gyara zama, ta ajiye kofin shayi, ta kalli uwar adashi ido cikin ido ta faɗi abin da na faɗa sak, kowa ya ce eh haka ne. Ita kuwa uwar adashin ko murya ba ta ɗagawa, ta ɗan buga mafici a gwiwa kawai sai ki ji tsit, kuma kowa ke magana sai ta juya mata jiki gaba ɗaya tana gyaɗa kai, abin yana burge ni.

Abin da ya fi ƙona min rai, yayar mijin nawa ta ce min wai matan suna cewa ina da girman kai, ba na kallon mutane, kullum fuska a murtuke. Ni da kunya ke kashe ni! Ranar sai da na yi kuka.

Anti ya zan yi in kalli sa'o'in mahaifiyata a ido ba tare da an ce na yi rashin kunya ba? Kuma ta ina ake shiga hira in ana ta magana ba ƙaƙƙautawa, katsewa zan yi ko jira? Ba na son in fita, kwasata ma saura mutum biyu.

Taku,
wata ƙanwarki daga Domayo, Marwa