A Ba Yaran Sakandare Nasu Reshen A Ƙungiyoyin Taimakon Kai Da Kai

Malam Edita, Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da shugabannin ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanninmu.

Aikinku ba ɓoyayye ba ne, yasar kwata kafin damina, gyaran maƙabarta, cike ramukan layi, Allah ya saka da alheri. Amma fa iyayena ku duba, ranar gayya su wa ke tura baro su shiga cikin kwatar tsundum? Yaran sakandare ne, in an gama a miƙa musu ruwan leda su watse, ranar mitin kuwa ko benci ba a ba su balle a ji ta bakinsu.

Ƙungiyar Rotary, wadda reshenta na farko a Najeriya a nan Kano aka buɗe shi a 1961, mutanenmu sun fi saninta da yaƙi da shan inna, to amma tana da wani tsari tun 1962 da ake kira Interact na yara 'yan shekara 12 zuwa 18. Yaran ne ke zaɓen ciyaman ɗinsu da sakatare da ma'aji, su tsara aiki aƙalla biyu a shekara, manya nasu kawai sa ido da ba da shawara. Ƙungiyar Lions ma tana da nata mai suna Leo, a Amurka kuma akwai Key Club da ke cikin makarantun sakandare tun 1925, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi kan ware kuɗin tallafin karatu ga ɗaliban da suka nuna himma. Yaron da ya riƙe littafin kuɗi yana ɗan shekara 16, ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya yi bayanin inda kowace naira ta shiga, wallahi ya koyi abin da babu shi a jadawalin aji.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da waɗannan ƙungiyoyi na waje, ni ba cewa na yi a tura yara can ba, tsarin nake so mu ɗauka tunda ƙungiyoyin muna da su a kusan kowace unguwa. A buɗe wa ɗalibai reshensu, maza da mata, a bar musu muƙamansu da ɗan asusunsu, kar wani babba ya zo ya ce shi ne zai riƙe musu kuɗin.

Sannan maganar tallafi. Duk shekara muna ganin yara masu ƙoƙari sun zauna a gida don an rasa kuɗin NECO ko fom ɗin JAMB, alhali a unguwar akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan da wannan kuɗi ba komai ba ne a wurinsu. A riƙa ɗaukar sunan duk wanda ya fito aiki, lokacin rajista a biya wa waɗanda suka fi zuwa, a karanta sunayen a bainar jama'a don kar abin ya koma na 'ya'yan 'yan kwamiti. A kuma ba kowane yaro takardar shaida da sa hannun mai unguwa, zai iya haɗawa da takardunsa in ya tashi neman sikolashif.

Naku,
Wani malamin sakandare, Kano